'Yar Asabar ta Baba Wilson

Shafi na 17

Masu turo min saƙo cewa na cika jan rai, na gani, har da na baiwar Allahn da ta ce za ta daina bina idan ban buɗe idon tsohon nan ba. To ga shi. Wanda yau ya fara shigowa kuma, abin da yake bukatar sani kaɗan ne: Ƙungiyar Maƙwabtan Kakuri ta samo wa Baba Wilson aikin ido kyauta, jiya Juma'a aka cire masa yanar da ta makantar da shi shekara da shekaru, yau Asabar za a kwance bandeji.

* * *

Ruwa aka kwana ana yi, gari ya waye a wanke.

Sumayya na zaune a bayan keke napep, ta rungume fulas ɗin kunun gyaɗa a cinya, koriyar rigar ƙungiya a saman hijabinta.

Suna zuwa saitin tsohuwar masaƙa ta juya kai. Katanga ta tsage, ciyawa ta tsiro a kan rufi, wata bishiya ta leƙo ta tagar da babu gilashi.

Amma ita ba kango take gani ba.

Tun da ta fara zuwa wurin Baba Wilson wurin ya canja mata. Yakan jingina da bango ya yi ta ba ta labarin zamanin da yake aiki a masaƙar, ita tana yanke masa farce. Jiniyar tashi daga aiki. Kekuna suna kwararowa daga ƙofa kamar ruwan kogi, ƙararrawa ta ko'ina. Mata masu alale da dafaffen rogo sun jeru a bakin hanya. Ma'aikatan rini da shuɗin hannu har gwiwa, ɗan Kagoro da ɗan Zariya sun sa kwano ɗaya a tsakiya. Yau har ji take kamar jiniyar na kaɗawa can nesa, a bayan hazo.

"Hajiya, mun iso," in ji mai keken.

Ta sauka kamar wadda aka tasa daga barci.

Harabar asibitin duk koren riguna ne. Rabin 'yan ƙungiya sun tafi yashe kwatar bayan kasuwa kafin ruwa ya sake saukowa, rabi suna nan tare da tsofaffin da aka yi wa aiki. A ƙarƙashin bishiyar mangwaro Malam Lawal mai aski ya kafa benci, yana gyara wa wani tsoho gemu.

"Yau kowa zai ga kansa a madubi," ya ce yana murmushi. "Ba zan bari su zage ni ba."

Suka yi da'ira kamar yadda suka saba kafin kowane aiki. Babu mai jan addu'a. Kowa ya sunkuyar da kai ya yi tasa a zuci, wasu hannu a buɗe, wasu a dunƙule a ƙirji. Ruwan da ya maƙale a ganye yana ɗiga a kafaɗunsu.

Ana watsewa Sumayya ta bi bayan shugabar ƙungiya, Maman Precious, doguwar mace mai shagon ɗinki a Kamazou, wadda ba a cika jin muryarta sama ba amma kowa ke shakkarta.

"Anti, ina son magana da ke."

"Yi magana."

"Ba a nan ba."

Suka zagaya bayan ɗakin marasa lafiya, inda tankin ruwa yake. Sumayya ta miƙa mata fulas ɗin.

"Ki ba wani ya kai masa. Ni ba zan iya shiga ba."

Maman Precious ba ta karɓa ba.

"Ke da kike zuwa wurinsa kowace Asabar, yau da zai gan ki ne ba za ki shiga ba?"

"Shi ya sa."

"Ban gane ba."

Sumayya ta kalli ƙasa. Wani kwaɗo ƙarami na zaune a gefen famfo, bai damu da kowa ba.

"Bai san ni ba, Anti. Bai san akwai wata Sumayya ba. Lizzy yake kirana."

Ta ci gaba, ba ta ɗago ba.

"'Yarsa ce, wadda ta bar gida tun da daɗewa. Ranar farko da na shiga ɗakinsa, ko sallama ban gama ba ya ɗago kai ya ce, Lizzy, ke ce? Ya miƙo hannu yana laluben iska. Wallahi ban shirya ba. Bakina ne ya riga ni. Na ce na'am."

"Na sani," in ji Maman Precious.

Sumayya ta ɗago da sauri.

"Kin sani?"

"Tagar ɗakinsa buhu ne a jiki. Duk wanda ya tsaya a waje yana ji."

"Amma ba ki taɓa ce min komai ba."

"Jira nake in ga ranar da za ki gaji da kanki." Muryarta a kwance take, amma babu laushi a ciki. "Sumayya, ranar da aka sa miki rigar nan me kika yi alkawari?"

"Ba ma ɗaukar hoton wanda muka taimaka. Ba ma tambayarsa inda yake ibada."

"Sai me?"

Da ƙyar ta iya ƙarasawa.

"Ba ma yi masa ƙarya, ko da don ya ji daɗi ne."

"Ƙungiya ta aike ki ki share ɗaki, ki wanke kaya, ki tabbatar ya ci abinci. Ba ta aike ki ki zama 'yar kowa ba. Sunan nan yana da mai shi."

"Mai shi tana ina?"

Maman Precious ta kalle ta.

"Ki yi haƙuri, Anti, amma tana ina? Lokacin da na same shi yana shan ruwan da ƙuda ya mutu a ciki bai sani ba, tana ina?" Hawaye ya fara sauko mata, ba ta goge ba. "Ina 'yar shekara huɗu mahaifina ya rasu. Ban san muryarsa ba. Ban taɓa jin namiji babba ya ce min 'yata ba sai a ɗakinsa. Na san ba nawa ba ne. Duk Asabar ina tafiya ina cewa yau zan faɗa masa. Da na shiga ya ce kin zo, sai in ce bari sai mako mai zuwa."

Iska ta taso, ta kaɗa zanin gadon da aka shanya a igiya. Can cikin ɗaki wata tsohuwa ta fara rera waƙar coci a hankali, an riga an buɗe mata nata idon.

"Ke kika sa shi cikin tsofaffin da muke dubawa ran Asabar," Sumayya ta ci gaba, murya ƙasa-ƙasa. "Gidan Baba Sam kina shiga, har wanki na ga kin yi masa. Gidan Iya Kulu kina zama ki tsefe mata kai. Shi kaɗai ne ba kya shiga. Da kin shigo ko sau ɗaya kin ga yadda yake, da ba ki ga laifina ba."

"Ba kowane gida shugaba ke shiga ba."

Ta faɗa a taƙaice. Sai kuma ta gyara ɗaurin ɗankwalinta duk da bai kwance ba.

"Me yake ce miki?"

"Ai kin ce kina ji."

"Sunan kawai nake ji in wuce. Ina da sauran gidaje."

Sumayya ta ja numfashi.

"Magana ɗaya ce, kullum sai ya maimaita. Wai ranar da matarsa ta rasu yana wurin aiki. Ya bar Lizzy ta zauna da ita, ita kuma ta ga jikin da sauƙi ta tafi koyon waƙa a coci. Da aka dawo aka tarar ta cika, ita kaɗai a ɗaki. A gaban 'yan zaman makoki ya nuna yarinyar ya ce da kina gida da uwarki na raye. Ana gama jana'iza ta ɗauki jakarta."

Maman Precious ta juya baya. Ta buɗe famfo, ta tara hannu.

"Idan ya kawo nan a labarin sai ya ɗaga murya, kamar mai magana da kurma. Ya ce, Lizzy, ba laifinki ba ne. Yarinya ce ke. Ni ma ba na gida. Tsoro ne ya kama ni na rasa wanda zan ɗora wa, na ɗora miki."

Ruwa na ta zuba. Hannun babu datti, amma ta yi ta wanke shi.

"Ke kuma me kike cewa?"

"Cewa nake na yafe, Baba."

Famfon ya rufe.

"Kin yafe."

"Me zan ce, Anti?"

Ta daɗe ba ta juyo ba. Da ta juyo fuskarta a bushe take.

"Za ki shiga. Za ki tsaya a gabansa da hijabinki, ki faɗa masa sunanki da bakinki. Abin da ya biyo baya ki ɗauka."

"Idan ya kore ni fa?"

"Sai ki dawo Asabar mai zuwa ki share masa ɗaki. Aikin bai canja ba."

"To ki raka ni."

"A'a."

"Ko bakin ƙofa ne. Don Allah, Anti. Ni kaɗai ba zan iya ba."

Daga can suka ji Malam Lawal na kira, an zo kan gadon Baba Wilson. Maman Precious ta goge hannu a jikin rigarta.

"Bakin ƙofa kawai."

* * *

Gadonsa ne na ƙarshe, kusa da taga. Yana zaune ya miƙe baya kamar ɗan makaranta, an yi masa aski tas, farin bandeji ya rufe idon dama. Na hagun yana nan fari fat, sai wani zuwan likita za a taɓa shi.

Tun kafin ta ƙaraso ya juyo da kai.

"Kin zo."

"Na zo, Baba."

"Da kunu?"

"Da kunu."

Ya yi dariya, ya laluba gefen gado ya buga mata wurin zama. Ta zauna a ɗofane.

"Na yi mafarki," ya ce. "Rabon da in yi mafarki mai launi har na manta. Wai ga ni a ɗakin rini, an buɗe duka tukwane. Ja, shuɗi, ruwan ɗorawa. Sai yadi ya fara fitowa daga inji bai tsaya ba, ya bi ta ƙofa, ya hau titi, ya wuce Kakuri, ya shimfiɗu a kan kogi. Mutane suna takawa suna tsallakawa, na can suna zuwa nan, na nan suna zuwa can, babu mai tambayar wani ina za ka. Ni kuma ina ta ce musu ku cire takalmi, sabon yadi ne."

Nas ɗin da ta ƙaraso da tire ta yi murmushi.

"Baba, ka shirya?"

"Tun kafin a haife ki."

"Kada ka buɗe da sauri. Hasken zai yi maka yawa da farko."

Ta fara ɓare filasta a hankali. Sumayya ta riƙe fulas ɗin da hannu biyu. Ta waiwaya. Maman Precious na tsaye a bakin ƙofa, rabin jikinta a waje.

Audugar ƙarshe ta fita. Nas ta goge masa gefen ido, ta ɗiga magani.

"Bismillah, Baba. A hankali."

Fatar idon ta motsa. Ta buɗe kaɗan, ta rufe. Ta sake buɗewa.



Taga ya fara kallo. Ganyen mangwaro a jiƙe, rana ta fara ratsowa ta tsakaninsu, kowane ɗigon ruwa yana ƙyalli. Ya daɗe a wurin, leɓensa na motsi.

"Ashe kore haka yake," ya ce. "Na ɗauka na tuna shi. Ban tuna ba."

Ya ɗago hannayensa, ya juya su gaba da baya.

"Waɗannan na waye? Sun tsufa ba su gaya min ba."

Nas ta yi dariya ta wuce gado na gaba.

Sai ya juyo.

Sumayya ta miƙe tsaye. Ta ji kamar ɗakin ya yi nisa, kamar muryoyin mutane daga ƙarƙashin ruwa suke fitowa. Ya kalli hijabin. Ya kalli fuskar. Ya matso da kai ya ƙara kallo.

"Baba." Ta matso kusa da shi. "Baba, sunana Sumayya. 'Yar Makera ce ni. Ni ba Lizzy ba ce. Ban taɓa ganinta ba ma. Na yi maka ƙarya tun ranar farko, ka yafe min."



"Sumayya," ya maimaita, kamar mai ɗanɗana sunan. "Ya dace da muryar."

"Ba ka ji abin da na ce ba?"

"Na ji. Ido ne ya mutu, kunne na nan. Zauna."

Ta zauna.

"'Yata, Lizzy ba ta cewa bismillah kafin ta zuba kunu. Ke kuwa ko tsintsiya za ki ɗauka sai kin faɗa, a hankali, kina tsammanin ba na ji. Kuma da rana ta take sai ki ce bari in leƙa waje, ki dawo hannunki da sanyin ruwa. Na yi shekara ashirin ina tsare wa abokan aikina inji su je su yi salla. Na san sanyin alwala."

Ta rufe baki da gefen hijabi. Ta rasa dariya za ta yi ko kuka, duka biyun suka zo tare.

"Ka sani?"

"Tun Asabar ta farko."

"To me ya sa ka bar ni? Na yi ta kwana da abin nan a raina."

"Ki yafe min wannan. Na ji tsoro idan na faɗa kunya ta hana ki dawowa." Ya miƙo hannu, wannan karon bai laluba ba, ya ɗora a kan nata. "Sunan ba naki ba ne. Amma wadda ta wanke min ƙafa ke ce. Babu mai karɓe miki wannan, ko Lizzy."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan murfin fulas.

"Sai dai akwai abin da ba ki sani ba," ya ce. "Ranar farkon nan, da na ce Lizzy ke ce, ba da ke nake ba."

Ta ɗago.

"Mutum biyu suka zo. Ɗaya ta shigo. Ɗaya ta tsaya a bayan taga, ta yi gyaran murya. Sau biyu, a gajarce, kamar mai neman izini. Matata haka take yi. Mutum ɗaya ta gado shi a duniyar nan."

Sumayya ta zuba masa ido.

"Na kira, ke kika amsa. Ita ta yi shiru. Na ce to, ba komai, tunda tana zuwa. Kowace Asabar sai na ji takunta ya tsaya a wurin. Shi ya sa nake ɗaga murya. Amma da na fara maganar uwarta sai in ji takun ya tafi. Ba ta taɓa tsayawa ta ji ƙarshe ba."

Ya saki hannun Sumayya. Ya juya a hankali, ya bi layin gadaje da sabon idonsa, gado bayan gado, har ya kai ƙofa.

"Daga nan ba na ganin fuska," ya ce. "Doguwar inuwa kawai nake gani, da koriyar riga. Amma tsayuwar uwarki ce."

Sumayya ta waiwaya.

Maman Precious ba ta motsa ba. Hannunta ɗaya na riƙe da ƙarfen ƙofa. Shekara uku Sumayya na cikin ƙungiya, sai yanzu ta tuna ba ta taɓa jin wani ya kira matar nan da sunanta na yanka ba.

"Lizzy," in ji Baba Wilson, kuma wannan karon bai ɗaga murya ba. "Shigo daga bakin ƙofa."

Tsohuwar da ke waƙa ta yi shiru. Malam Lawal da ya shigo da madubi a hannu ya tsaya cak.

Maman Precious ta saki ƙofar. Ta tako a hankali ta tsakanin gadaje, har ta tsaya inda haske ya sauka a fuskarta, inda zai iya ganinta sosai. Ba ta durƙusa ba. Ba ta kama hannun da ya miƙo mata ba.

"Na ji ƙarshen maganar yau, Baba," ta ce. "Yarinyar nan ta faɗa min."

Hannunsa na nan a miƙe.

"Amma ba yafiya na kawo maka ba tukuna. Na yi ta bin likitoci a buɗe maka ido ne saboda akwai abin da nake so ka gani da kanka. Ka sha kununka. Keke na jiranmu a waje, zan kai ka ka gani."